Inuwar Gobarau

Ranar Laraba aka tara mu a zaure,
malaman firamare, kowa da biro da ruwan leda.
Likita ta haska bango, ta ce mu duba:
wannan ita ce ƙwaƙwalwa.
Na duba. Kamar hanjin rago da aka naɗe a kwano.

Ta ce akwai zare a ciki, ya fi gashi siranta,
dubu bisa dubu, wannan na miƙa wa wancan saƙo.
Wanda ake bi kullum sai ya yi kauri,
wanda aka daina bi sai ya shafe,
kamar 'yar hanyar gona da ta yi damina biyu ba a taka ba.

Ni kuwa tuni hankalina ya koma Rafindadi,
benci na uku, gefen tagar da ba ta rufuwa,
inda Barira 'yar mai gyaran keke take zama.
Kafin in ajiye alli ta gama rabawa,
sai ta ɗaga kai tana ƙirga hujin kwanon rufi.
Ɗari biyu da sha bakwai ne, Malam, ta ce mini,
jiya ɗari biyu da sha shida.
Na ce ta yi shiru.
Na ba ta aikin rubuta sunayen masu surutu,
na ɗauka girmamawa ce.

Na ɗaga hannu a zauren nan, na ce:
Likita, a hoton naki ana gane mai baiwa?
Ta yi murmushi. Hoto yana nuna inda jini ya ruga,
ba ya nuna abin da yaro zai zama.
Basira ba gero ba ce da za a auna da mudu.
Abin da muka sani kaɗan ne, ta ce, amma ga shi:
tsoro yana kulle ƙofa,
yunwa da rashin barci suna kwance ɗinki,
kuma zaren nan ba ya ƙulluwa a kan abu mai sauƙi.
Yaron da bai taɓa faɗuwa ba,
ba gwani ba ne, ba a dai taɓa kai shi tudu ba.

Na koma aji. Yara tamanin da uku, alli guda.
Ba ni da na'ura, ba ni da ɗakin gwaji.
Sai na ba ta tambayar da ni kaina ban san amsarta ba:
Barira, nawa ne tsawon Gobarau, ba tare da kin hau ba?

Kwana uku ba ta ƙirga huji ba.
Ta kawo amsa, hasumiyar ta fito gajeriya kamar rumbu.
Ta sake, ta fito ta haura gajimare.
Ranar na ga hawayenta na farko,
ta ce, Malam, kaina yana zafi.
Na ce, bari ya yi, ɗinki ake.

Asabar da hantsi muka je da kara da igiyar shanya.
Ta kafa karan, ta auna inuwarsa,
ta bi inuwar hasumiya taku bayan taku.
Wanda ya riƙe mata bakin igiya Tasi'u ne,
na bencin ƙarshe, wanda har yau b da d ke rikita shi.
Shi ya ce, ki yi sauri, inuwar tana gudu,
ki auna su tare, kafin rana ta matsa.
Barira ta tsaya cak, ta dube shi.
Ni ma na dube shi.
Shekara guda yana gabana, ban taɓa jin wannan muryar ba.

Yanzu takardar masu surutu ta ɓata, ban neme ta ba.
Rufin ya ƙara huji, ba wanda ya faɗa mini nawa.
Da dare nakan tuna hoton nan na bango,
in ce, ni ma wace hanya ce ta shafe a kaina
tun ranar da na daina tambaya?